Gwajin bindiga: Abin da bidiyon cikin waya ba ya nuna wa 'yan makaranta

Idan ka biya ta rumfar masu cajin waya a Nasarawar Burkullu bayan an taso daga makaranta, da wuya ka rasa samari uku ko huɗu sun haɗa kai a kan waya ɗaya. Wani lokaci ƙwallo ake kallo, wani lokaci barkwanci. Amma akwai wani irin bidiyo da ba ya tsufa a hannun yara maza, kullum ana tura shi daga waya zuwa waya. Wani ƙaton Bature ne, ya toshe kunne, ya sa tabarau, ya ɗaga wata ƙaramar bindiga wadda sunan ƙarama bai dace da ita ba. Ya ja kunama. Wuta ta yi tsartuwa daga bakinta, hannayensa suka yi sama, kankanar da aka ajiye can nesa ta tarwatse. Ya juyo yana dariya. Daƙiƙa 20 an gama, sai a maido shi farko.

Sunan bindigar nan Desert Eagle, wato mikiyar hamada. Masu buga Free Fire sun san ta sarai. Yayyenku da iyayenku kuma sun gan ta a hannun Arnold Schwarzenegger a fim ɗin Commando na 1985, sun sake ganin ta a The Matrix na 1999.

Ga yaron da ke zaune a wata ƙasa, ƙarar bindiga abin cikin waya ce. Ga yaron Bukkuyum da Anka da Gummi kuwa, abin ba haka yake ba. Wanda ke babbar sakandare yau yana da wayo a watan Satumban 2021, lokacin da aka rufe makarantun Zamfara kuma aka katse layukan waya a jihar saboda matsalar tsaro. Yana da wayo a farkon Janairun 2022, lokacin da aka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum aka kashe mutane masu yawa. Wasunku sun taɓa kwana a cikin gona suna sauraron harbi. A ganina irin wannan yaro ya fi kowa cancantar a zaunar da shi a yi masa bayanin bindiga dalla-dalla, bayani na ilimi. In ba mu yi masa ba, akwai masu yi masa nasu bayanin a TikTok, suna zaune a daji da makamai a kafaɗa da damin kuɗi a gaba.

Wace irin bindiga ce?

Wani kamfani da ke jihar Minesota ta Amurka, mai suna Magnum Research, shi ya fito da ita a farkon shekarun 1980. An daɗe ana ƙera masa ita a Isra'ila, daga baya aikin ya koma garin Pillager a can Minesota. Ana yin ta iri-iri, amma wadda ta yi suna ita ce mai lamba .50. Lambar nan faɗin harsashi take nufi: rabin inci, wato milimita 12.7. Ɗauko rula ka auna a takarda ka gani, ya kusa kaurin ƙaramin yatsanka. Ƙaramar bindigar da kuke gani a ƙugun jami'an tsaro yawanci milimita 9 take ci.

Duk wanda ya taɓa ganin mafarauci yana ɗura bindigar toka ya san aiki ne. A zuba albarushi, a daka, a sa harsashi, a sake dakawa, sannan a harba sau ɗaya. Sunan harba-ka-ruga ma ya faɗi komai. Ita wannan ta cikin bidiyo da kanta take ɗura kanta. Idan aka harba, wani ɓangare na iska mai zafi da albarushi ya haifar yana bi ta wata 'yar kafa a ƙarƙashin hancin bindigar, ya tura ƙarfen sama baya, kwanson da aka harba ya yi tsalle waje, sabon harsashi ya hau. Amma ba ta ɓarin wuta kamar mashinga. Ja ɗaya, harbi ɗaya, har harsasai bakwai da take ci su ƙare.

Nauyinta kusan kilo 2 ne tun ba a sa mata harsashi ba. Wanda ke son jin yadda abin yake, ya cika gora da ruwa lita 2, ya miƙe hannu ya riƙe ta minti ɗaya. Wannan nauyi da ƙarancin harsasai da tsadar kowane harsashi su suka sa da wuya ka ga wata rundunar soja ko ta 'yan sanda ta ɗauke ta a matsayin bindigar aikin yau da kullum. Sunanta a fim ya fi aikinta a fili.

Kafin a kunna kyamara

Abin da bidiyon ya yanke shi ne duk abin da ya faru kafin daƙiƙa 20 ɗin nan, kuma nan ne darasin yake. Filin koyon harbi wuri ne da aka gina domin harsashi ya tafi waje ɗaya tak. A bayan takardar da ake saitawa akwai tudun ƙasa ko bango na musamman da zai haɗiye harsashin. Akwai layin da ba a tsallakewa. Akwai jami'in kula da fili, wanda idan ya ɗaga murya ya ce a tsaya, to ko janar ne a kan layi sai ya ajiye. Ba mai shiga sai da tabarau da abin toshe kunne.

Dokokin da ake biya wa kowane baƙo ba su da yawa, kuma kusan iri ɗaya ne a ko'ina a duniya. Kowace bindiga a ɗauka akwai harsashi a cikinta, ko da kai ka cire da hannunka. Ba a nuna bakinta ga abin da ba a yi niyyar halakawa ba. Yatsa ba ya taɓa kunama sai an gama saiti. Sannan mai harbi ya san abin da yake saitawa, ya kuma san abin da ke bayansa. Doka ta biyu ba baƙuwa ba ce gare ku, domin malaman Islamiyya sun koya mana hanin nuna wa ɗan'uwa makami ko da wasa ne. Ta farko kuwa, sakaci da ita ya ci rai har a wurin da ake ganin ƙwararru ne suka cika shi. A watan Oktoban 2021, a wurin ɗaukar wani fim mai suna Rust a Amurka, bindigar da aka ce babu harsashi na gaske a cikinta ta tashi a hannun jarumin fim ɗin, ta kashe matar da ke jagorantar ɗaukar hoto.

Akwai wata al'ada ta masu koyar da harbi da ta burge ni. Idan baƙo zai gwada babbar bindiga irin wannan karo na farko, harsashi ɗaya rak suke sa masa. Dalili shi ne idan bindigar ta yi shuri, mutum yakan firgita ya damƙe hannu, yatsa ya sake jan kunama alhali bakin bindigar ya riga ya ɗaga sama yana kallon inda ba a nufa ba. In babu harsashi na biyu, babu tsautsayi na biyu.

A nan gida ma haka tsarin yake ga waɗanda harbi aikinsu ne. Shi ya sa kuke jin sanarwa a rediyo cewa sojoji za su yi atisayen harbi a fili kaza daga rana kaza zuwa rana kaza, manoma da makiyaya su nisanci wurin, jama'a kada su firgita da ƙara. Mutanen Jaji da Kachiya a jihar Kaduna sun saba da irin wannan sanarwa.

Me ya sa take shuri?

'Yan ajin kimiyya, ku matso. Wanda ya taɓa tsalle daga kwale-kwale zuwa bakin gulbi ya san cewa yayin da ya yi gaba, jirgin baya yake yi. Dokar Newton ta uku ke nan da kuke haddacewa domin jarrabawa: duk turin da aka yi gaba, akwai daidai shi da ke komawa baya. Bindiga da harsashi haka suke.

Mu yi lissafi. Kan harsashin .50 nauyinsa kusan giram 19 ne, wato kilo 0.019, kuma yana fita da gudun kusan mita 450 a daƙiƙa ɗaya. Gudun sauti a iska kusan mita 340 ne a daƙiƙa, ke nan harsashin yana riga ƙararsa isa. Yana ƙetare filin ƙwallo kafin rubu'in daƙiƙa ya cika. Idan ka ninka nauyi da gudu, abin da littafinku na Fiziks ke kira momentom, za ka sami kusan 8.6. Wannan adadi shi ne dai zai koma baya ta jikin bindigar. Raba shi da kilo 2, ka sami mita 4.3 a daƙiƙa. Gudun keke ne, ba wani abu ba, sai dai ƙarfe ne mai kilo 2 da ya tashi daga tsaye cik ya kai wannan gudu kafin ƙiftawar ido, kuma a tafin hannunka zai sauka. Ban ma sa turin iskar albarushi a lissafin ba. Yanzu kun gane dalilin nauyinta. Da rabin kilo ce, da shurin ya ninka gudu sau huɗu. Waɗanda ake gani a wasu bidiyoyin bindiga ta doke su a goshi, ana ta yi musu dariya, lissafin nan ne ya kama su.

Ƙarfin da harsashin ke ɗauke da shi kuma kusan jul 2,000 ne, kimanin ninki huɗu na harsashin milimita 9. Daidai yake da a saki buhun siminti mai kilo 50 daga tsayin mita 4. To ka tattara wannan duka a kan wuri mai faɗin ƙaramin yatsa.

Bari in ɗan kauce, tunda lissafi na hannu. A finafinan Indiya da na Amurka, in an harbi mutum sai ka ga ya tashi sama ya faɗa ta taga. Raba 8.6 ɗin nan da nauyin mutum mai kilo 60. Abin da ya fito santimita 14 ne a daƙiƙa, tafiyar hawainiya. Da harsashi na iya cilla wanda aka harba, da shi ma mai harbin ya cillu. Igiya ce ake ɗaura wa ɗan fim a ja shi. Harsashi huda jiki yake yi ya yaga abin da ke ciki, kuma wannan ba a nuna shi a fim yadda yake.

Shuri ya taɓa cin rai a cikin filin koyon harbi kansa. A watan Agustan 2014, a jihar Arizona, aka miƙa wa wata yarinya 'yar shekara 9 bindigar Uzi mai ɓarin wuta, malamin harbi na tsaye kusa da ita, iyayenta na ɗaukar bidiyo da waya. Bindigar ta fi ƙarfin hannunta, bakinta ya ɗaga ya karkace, harsashi ya sami malamin a ka, ya mutu. Tudun ƙasa na nan, tabarau na nan, amma an manta da lissafi.

Kunne ba ya tofowa

Waya ba ta iya fitar da ƙarar bindiga yadda take, sai ta mai da ita kamar fashewar balan-balan. Ana auna ƙara da desibel. Hira ta yau da kullum kusan 60 ce. Daga 85 zuwa sama, in mutum ya daɗe yana ji, kunne yana fara lalacewa, abin da ke samun masu aikin injin niƙa ke nan. A 140, sau ɗaya ya isa ya yi ɓarna. Manyan ƙananan bindigogi suna haura 160. A can cikin kunne akwai wasu ƙwayoyi masu gashi siriri da ke karɓar sauti, in suka mutu ba sa sake tofowa. Shi ya sa ƙwararru ke cusa abin toshewa a kunne sannan su ɗora na rufewa a kai. Duk wanda kunnensa ya daɗe yana ƙugi bayan an yi harbi kusa da shi, ko yana kasa jin malami daga bayan aji, ya faɗa wa iyayensa a je asibiti. Ba taurin kai ba ne, ba kuma daƙiƙanci ba ne.

Dalma: wannan mu ne malamanta

Akwai haɗari na uku a filin harbi da ba ya ƙara, ba ya shuri, ba a ganin sa. Cikin yawancin harsasai dalma ce, an lulluɓe ta da jan ƙarfe. A gindin kwanso kuma, sinadarin da ke kunna albarushi yawanci akwai dalma a cikinsa. Kowane harbi yana watsa ƙurarta a iska, ta sauka a hannu da riga da gashi. Saboda haka filayen da ke cikin gini suke sa manyan fankoki masu jan iska daga wajen mai harbi zuwa gaba. Ba a cin abinci a ciki, ba a shan ruwa, in an gama a wanke hannu da fuska. Ma'aikatan wurin ana auna jininsu lokaci-lokaci, ana kuma gargaɗinsu kada su shiga gida da kayan aiki su ɗauki yara.

Shin wannan gargaɗi bai yi muku kama da wani abu ba?

A shekarar 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara ƙanana na mutuwa da yawa a wasu ƙauyukan Bukkuyum da Anka, suna jijjiga, ana ba su maganin zazzaɓin cizon sauro ba ya yi. Bincike ya nuna dalma ce. Duwatsun da ake haƙowa domin zinariya cike suke da ita, ana kawo su cikin gida a daka a niƙa, ƙurar ta zauna a tsakar gida inda jarirai ke rarrafe suna kai hannu baki. 'Yargalma, Dareta, Abare, Tungar Guru, Sunke, daga baya Bagega. Yara aƙalla 400 suka rasu, dubbai kuma aka yi musu magani. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka kwashe, aka zuba sabuwa. Waɗanda aka haifa a wannan shekara su ne sa'o'in masu karanta shafin nan, kuma na tabbata a cikinku akwai wanda aka goya zuwa asibiti a lokacin, ko wanda ya rasa wa ko ya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka sani ba shi da illa. Ta fi ɓarna ga ƙwaƙwalwar yaro, tana rage kaifin fahimta, kuma abin da ta ɓata ba ya dawowa. Ɗalibin yankin nan zai iya tsayawa gaban Baturen cikin bidiyo ya karantar da shi a kan wannan. Sai dai sani ya yi amfani a gida tukuna. Kan harsashi ko kwanson da ƙanenka ya tsinto a gona yana wasa da shi, yana sa wa a baki, abu ɗaya ne da ƙurar Dareta. Wanda ba a harba ba kuwa ya fi muni, kada a buga shi da dutse, kada a jefa shi a wuta don a ji ƙara, kada a kai wa mai gwangwan. A bar shi inda yake a kira babba.

A jikin wa ake gwaji?

Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Gaskiya ne. Tambayar ita ce a kan me ake gwadawa.

A watan Yunin 2017, a wani ƙaramin gari mai suna Halstad a jihar Minesota, jihar da ake ƙera bindigar, wani saurayi ɗan shekara 22 da uwar 'yarsa 'yar shekara 19 suna neman mabiya a YouTube. Ya kawo shawarar ya riƙe wani ƙaton littafi a ƙirji, ita kuma ta harbe shi da Desert Eagle mai lamba .50 daga tazarar da ba ta wuce tsawon rula ba. Ta yi ta ja da baya. Ya nuna mata wani littafi da ya riga ya harba harsashin bai fita ba, ya ce ga shaida, ya gwada. Suka kafa kyamarori biyu. Harsashin ya ratsa littafin mai kaurin kusan santimita 4 ya shige ƙirjinsa, ya mutu nan take. Tana da ciki a lokacin, 'yarsu mai shekara 3 na kusa. Kotu ta yanke mata ɗaurin kwana 180.

Kafin mu ce wautar Turawa ce, mu waiwayo gida. A watan Yulin 2018 a jihar Imo, wani mai maganin gargajiya ya rataya layunsa na maganin bindiga, ya ce wa mai saye ya harbe shi don ya tabbatar. Ya harba, mai magani ya mutu. A watan Oktoban 2022 a ƙaramar hukumar Kaiama ta jihar Kwara, 'ya'yan wani mafarauci su biyu suka yi sabon maganin bindiga, babban ya ɗauki bindigar tokar mahaifinsu ya gwada a kan ƙanensa ɗan shekara 12. Yaron bai tashi ba. Shekara 12, sa'an 'yan aji ɗaya na ƙaramar sakandare.

Na san zancen maganin bindiga ba ƙaramin zance ba ne a ƙasarmu, musamman yanzu da tsoro ya yi yawa, kuma mai jin tsoro yana kama duk abin da aka miƙa masa. Na san kowa yana da labarin wani da aka yi wa ruwan harsashi ya fito ko ƙwarzane babu. Amma ɗalibin kimiyya ya kamata ya yi tambaya kafin ya gyaɗa kai. Albarushin da ya sha damina yakan ƙi tashi. Mai harbi a firgice, cikin duhu, a kan babur, ya fi kuskure a kan samu. Sannan ga babban abu: wanda harsashi ya kuskure shi ke dawowa gari ya ba da labari, wanda ya samu ba ya dawowa ya ƙaryata. In kana jin shaidar ɓangare ɗaya kawai, kowane magani zai yi kama da mai ci.

Rigar sulke ta zamani da jami'an tsaro ke sawa ita ma ana gwada ta, amma a ɗakin gwaji, a jikin curin yumɓu. A harba, a cire rigar, a auna zurfin lotsawar da yumɓun ya yi. Sai ta ci wannan jarrabawa ake sa wa ɗan Adam. 'Yan mata, ku ji wannan: zaren Kevlar da ake saƙa yawancin rigunan nan da shi, wata masaniyar sinadarai ce mai suna Stephanie Kwolek ta gano shi a 1965. Rayukan da aikinta ya tsare ba su ƙirguwa, kuma da kwalaben gwaji ta yi shi.

Me doka ta ce?

A Amurka mutum na iya biyan kuɗi ya yi hayar bindiga a filin harbi ya gwada ya tafi gida. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi kashi uku. Bindigar toka da ire-irenta, kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da lasisinsu. Bindigogin farauta na zamani, Sufeto Janar. Ƙananan bindigogi kuwa, libarba da fistol, suna cikin jerin haramtattu tare da mashinga da bama-bamai, sai da izinin shugaban ƙasa, kuma wanda aka kama da ita ba izini ɗaurin da ke kansa bai gaza shekara 10 ba. Wanda bai kai shekara 17 ba ba a ba shi lasisin kowace iri. Ko a watan Yunin 2022, da gwamnatin Bello Matawalle ta ce mutanen Zamfara su nemi lasisin bindiga don kare kai, har ta ce za a raba fom 500 ga kowace masarauta cikin 19, 'yan sanda sun ce dakatar da ba da lasisi na nan daram, shugaban hafsoshin tsaro na lokacin kuma ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. Askarawan Zamfara da Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar a Janairun 2024, su sama da 2,600, sai da aka tantance su aka horar da su kafin a ba su kaki.

Abin baƙin ciki, har kalmar ma an ƙwace mana. Ku tambayi kakanninku. A da in aka ce 'yan bindiga, dakarun sarki ake nufi, masu tafiya gaban doki ran hawan Sallah suna buga albarushi zalla sama, hayaƙi ya turnuƙe, mata na guɗa. Suna da sarkinsu, suna da ladabinsu. Yau in aka ambaci sunan sai uwa ta fara ƙirga 'ya'yanta.

Wanda ke jin aikin tsaro ne kiransa, ƙofa a buɗe take, kuma ta cikin aji ta bi. Makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA a Kaduna da makarantar 'yan sanda ta Wudil digiri suke bayarwa, sai da sakamakon WAEC ko NECO mai kyau da jarrabawar JAMB ake shiga. Ko kurtun soja da ake horarwa a Zariya sai ya nuna takardar gama sakandare.

Gwanayen duniya da ƙaramin harsashi suke harbi

Harbi wasa ne a gasar Olamfik tun ta farko a 1896. Wataƙila kun ga hoton Yusuf Dikeç na Turkiyya, wanda ya ci azurfa a Paris a 2024 yana ɗan shekara 51, yana tsaye da furfurarsa, hannu ɗaya a aljihu kamar mai jiran mota a tasha. Bindigar da ke hannunsa ta iska ce, babu albarushi. Ɗan harsashinta milimita 4.5 ne, nauyinsa kusan rabin giram. Tazarar mita 10 ce, da hannu ɗaya ake riƙewa, kuma da'irar tsakiya mai maki 10 faɗinta milimita 11.5 ne. Ku lura, harsashin Desert Eagle ya fi da'irar nan faɗi. A duk wasannin ƙaramar bindiga na Olamfik babu harsashin da ya wuce milimita 5.6. Abin da ake aunawa a can shi ne numfashi da natsuwa da haƙurin maimaita abu ɗaya shekara da shekaru.

Ga aikin gida, a kai wa malamin Fiziks ranar Litinin. Ɗauki nauyin ɗan harsashin iska a matsayin giram 0.5, gudunsa mita 150 a daƙiƙa, nauyin bindigar kilo 1. Da wane gudu za ta koma baya? Sau nawa shurin mikiyar hamada ya ninka nata? Kada a manta a mai da giram zuwa kilo kafin a fara ninkawa, domin a nan ne rabin aji ke faɗuwa.